Yadda Ake Sa Saba Ta Buɗe Wa Mai Asusu Foldar Gida Ranar Shigarsa Ta Farko

Idan asusun ma'aikata na zaune a LDAP ko Active Directory, wato rumbun asusu na tsakiya, sabar Linux (server) ta san sunan mutum da kalmar sirrinsa, amma babu wanda ya buɗe masa folda a /home. Yana shiga ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, sai ya ci karo da saƙon "Could not chdir to home directory", a jefa shi a /. Maganin wannan yana cikin PAM, tsarin da ke tantance masu shiga a Linux.

Kafin ka taɓa komai, ka bar taga guda a buɗe da ikon root, wato babban asusun mai kula da saba. Kuskuren layi ɗaya a PAM kan kulle kowa a waje, har da kai. Sannan ka buga `getent passwd suna` (sa sunan asusun a madadin suna) ka duba fili na shida cikin filayen da alamar : ta raba, wato inda foldar za ta zauna. In babu komai a wurin, saka `fallback_homedir = /home/%u` a sssd.conf, fayil ɗin saitin SSSD, manhajar da ke haɗa saba da LDAP ko Active Directory.

A Ubuntu umarni ɗaya ya wadatar: `pam-auth-update --enable mkhomedir`. Mai son yi da hannu ya ƙara wannan layi a /etc/pam.d/common-session:

`session optional pam_mkhomedir.so skel=/etc/skel umask=0077`

Kada a raina umask ɗin nan, shi ke ƙayyade wanda zai iya shiga sabuwar foldar. In ka bar shi a 0022, duk mai asusu a sabar zai iya leƙa fayilolin ɗan'uwansa. 0077 kuwa mai folda kaɗai ke shiga.

A RHEL, Rocky da AlmaLinux 8 da 9 hanyar daban ce saboda tsarin tsaro na SELinux. Girka `oddjob-mkhomedir`, kunna shi da `systemctl enable --now oddjobd`, sai `authselect enable-feature with-mkhomedir`. An fi mantawa da kunna oddjobd, daga nan sai a yi ta neman laifi inda babu shi.

Idan foldar ta ƙi fitowa, fara da tabbatar da akwai `UsePAM yes` a sshd_config, fayil ɗin saitin sshd, manhajar da ke karɓar shigar SSH. Idan /home na kan NFS (wato yana ajiye a wata sabar ajiya) mai saitin root_squash, root ɗin wannan saba ba shi da ikon rubutu a can, dole a buɗe foldar daga sabar ajiya. Haka kuma makullin SSH ba zai yi aiki a shigar farko ba, domin authorized_keys, fayil ɗin makullai da ke cikin foldar gida, bai wanzu ba tukuna, sai dai ka sa sshd ya ɗauko makullin ta sss_ssh_authorizedkeys.

Abin da ke /etc/skel sau ɗaya ake kwafarsa zuwa sabuwar foldar gida, lokacin buɗe ta, don haka ka gyara .bashrc da .profile da ke cikinsa tun kafin mutane su fara shiga.