Kafin ka sauke manhajar tara labarai

Jama'a, ga mai son labaran shafukan da yake bi su riƙa zuwa masa wuri ɗaya, abin da zai fara dubawa shi ne ko manhajar tana bari a fitar da jerin shafukan a fayil ɗin OPML, wato fayil ɗin da ake ɗaukar jerin da shi daga wata manhaja zuwa wata. Lokacin da Google ya rufe manhajarsa ta tara labarai, Google Reader, a 2013, da irin wannan fayil mutane da yawa suka kwashe kayansu suka koma wasu manhajoji irin su Feedly. Manhajar da ba ta ba da wannan dama, a bar ta kawai.

Feedly da Inoreader duka suna da tsarin kyauta mai iyaka: Feedly shafuka 100, Inoreader 150. Suna ajiye komai a asusunka, don haka labarin da ka karanta a waya ba zai sake fito maka a matsayin sabo a kwamfuta ba. Ni dai na fi son Inoreader, ko da yake saitunansa sun yi yawa ga sabon shiga.

Wanda kuma waya ɗaya ce tasa, ba sai ya buɗe asusu ba. Mai Android ya ɗauki Feeder, mai iPhone ya ɗauki NetNewsWire. Kyauta ne, babu talla. A Feeder ka shiga saituna ka sa ya riƙa ɗauko labarai sai in akwai wifi, in ba haka ba data za ta riƙa tsiyayewa ba ka sani ba.

Ka gwada da BBC Hausa tukuna: liƙa adireshin RSS ɗinsu (adireshin da ake ɗauko sabbin labaran shafi ta cikinsa) a manhajar, ka ga ko labari yana buɗewa cikakke ko kanun kawai yake nunawa.