Yadda ake ɗaga shafin intanet zuwa sahun farko a binciken Google

Baduku ko ɗan kasuwar da ya kashe kuɗi aka gina masa shafin intanet a Damagaram yakan rubuta sunan hajarsa a Google, sai ya tarar shafin yana can ƙasa inda babu mai leƙawa. Gyaran wannan yana da matakai, kuma akasarinsu ba sa cin ko dala ɗaya.

Da farko ka tabbatar Google ya san da shafin. Ka rubuta site: a akwatin bincike, ka manna adireshin shafinka a jikinsa ba tare da barin fili ba, idan babu abin da ya fito, to Google bai shigar da kai kundinsa na shafuka ba tukuna. Ka yi rajista a Google Search Console, wato shafin da Google ya tanadar wa masu shafuka don ganin yadda suke fitowa a bincike, wanda kyauta ne, ka tabbatar musu cewa shafin naka ne, sannan ka aika da taswirar shafin (sitemap), wato fayil ɗin da ke jera dukkan adiresoshinsa.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a garinmu, shi ne sanin kalmomin da mai saye yake bugawa da yatsansa. Garin nan suna biyu gare shi: ma'aikaci a Yamai zai rubuta "sac en cuir Zinder" da Faransanci, yayin da ɗan Kano ko Katsina zai rubuta "jakar fata Damagaram". Wanda ya tsaya ga suna guda ya rufe wa wani ɓangare na masu sayensa ƙofa. Saboda haka ka yi shafi guda da Hausa, wani da Faransanci, kowanne da nasa adireshin, sunayen biyu kuma su fito a cikin rubutun. Ka tuna cewa mutane da yawa ba sa buga ƙ da ɗ a waya, don haka ka gwada binciken da lanƙwasa da kuma babu ita, ka ga abin da ke fitowa. Kalmar da ka zaɓa ta zo a farkon taken shafin, taken kuwa kada ya zarce haruffa kusan 60, domin Google yakan datse abin da ya wuce haka. Cusa kalma guda sau ashirin a sakin layi ɗaya tsohon yayi ne da ke iya jawo a mayar da shafi baya. Abin da mai saye ke nema shi ne farashi, girman jakar, irin fatar, da yadda za a aika masa.

Na uku shi ne sauri a wayar salula, domin fasalin waya Google yake dubawa wajen jera shafuka. Hoton takalmi guda da aka ɗora yadda kyamara ta ɗauke shi yana iya kai mega 4, wanda ke Mirya ko Magarya da rezo mai rauni kuwa ba zai zauna jira ba. Ka rage girman hotuna, ka mayar da su WebP, wato wani tsarin hoto marar nauyi, ka rubuta wa kowanne bayaninsa, sannan ka auna a PageSpeed Insights, shafin Google na gwada saurin buɗewa. Abin so shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Adireshin ya fara da https, alamar cewa shafin yana da tsaro, wanda Google ya sa cikin ma'aunansa tun 2014.

Idan kana da shago, ka buɗe Google Business Profile, wato bayanin shagonka da ke fitowa a bincike da taswirar Google, ka sa lokutan buɗewa da lambar waya. Tunda mu da kwatance muke gane wuri, ka dasa alamar taswira daidai bakin ƙofarka, ka kuma rubuta ko a Birni kake, ko Zango, ko daura da Kasuwar Dole.

Daga nan sai neman wasu shafuka su sa mahaɗi, wato rubutun da in an latsa zai kai mutum zuwa naka, kamar na ƙungiyar masu sana'arku ko jaridar da ta yi labari a kanka. Ka guji masu tallar ɗaruruwan mahaɗai a kan ƴan jikkuna, domin tun 2012 Google ke hukunta wannan dabara. Sakamako yakan ɗauki wata 4 zuwa shekara guda, don haka ka riƙa buɗe Search Console kowane wata kana duba kalmomin da suka kawo maka mutane, ka ƙara rubutu a kan waɗanda ka ga suna tasowa.