Yadda na farfaɗo da tsohuwar kwamfutar tebur maimakon sayen wata

Kwamfutar da nake buga takardu da ita ta haura shekara goma, kuma a kwanakin baya idan na kunna ta sai na shanye kofin shayi kafin ta buɗe. Na so in sayi wata, amma da na ji farashi a kasuwa sai na dawo gida domin in fara gano inda gizo ke saƙar.

Task Manager, wato shafin Windows da ke nuna yawan aikin da kowane sashe na kwamfuta yake yi, ya nuna mini cewa faifan ajiya yana aiki ɗari bisa ɗari, alhali furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wadda Core i5 ce zubi na uku, ko rabin ƙarfinta ba ta kai ba. Ashe tsohon faifan nan mai juyawa ne yake jan ƙafa. Na sayi SSD, wato faifan ajiya marar juyawa wanda ya fi sauri, mai gigabait 256, na jona shi da wayar SATA ɗin da ke ciki, na sake ɗora Windows, sannan na ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, irin DDR3 daga gigabait 4 zuwa 8. Ƙurar hunturu ma ta daskare a jikin fanka, sai da na bi ta da burushi. Yanzu ba ta kai rabin minti ta buɗe.

A nan na tsaya da kashe kuɗi, domin Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro na kwamfuta, da furosesa zubi na takwas zuwa sama, tawa kuwa zubi na uku ce, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, wadda nake amfani da ita, ranar 14 ga Oktoba, 2025. Saboda haka na ware ɓangare guda na faifan na ɗora Linux Mint, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ake amfani da shi a madadin Windows, da shi nake shiga intanet.