Yadda za ka laƙanci sunan tsutsar teku mai ado daga hoto

Ƙanina da ke karatun ilimin dabbobi a nan jami'ar Jos ya turo min hoto a WhatsApp, wai Yaya duba min wannan abun, kaman an yanki atamfa an jefa a ruwa. Mu da ba mu da teku sai duwatsu, amma toh aikin makaranta ba ruwanshi.

Kafin komai ka tabbatar tsutsa ce, don akwai dodon koɗi mara kwanso da ake kira nudibranch, shi ma ado gare shi. Duba bayanta. In ka ga wani tuntu kaman fure wanda da shi yake numfashi, ba ita ba ce. Tamu lafe take kaman ganye, ta fata take shan iska, dangin tsutsar hanta ce da ake gani a kwata da wacce ke kawo tsargiya, duk Platyhelminthes ne, sai dai ita ba ta zama a jikin kowa. Rukuninta Polycladida, wato hanjinta rassa-rassa ne.

Daga nan sai a nemi hoton cikinta, wato ta ƙasanta, nan fa aikin yake. In akwai ɗan abun mannewa a ƙasa to 'yar ɓangaren Polycladida ce da ake kira Cotylea, kuma yawancin masu kwalliyar nan can suke, gidan Pseudocerotidae. Gaban namiji ɗaya, Pseudoceros kenan. In biyu ne Pseudobiceros, wanda wani masani Faubel ya ware a 1984. In bayan ya yi ƙurji-ƙurji kaman tawul sai ka karkata wajen Thysanozoon. Af, kowacce mace ce kuma namiji ce a lokaci guda, ikon Allah.

Launi kam kar ya ruɗe ka wallahi, da yawa suna kama da juna, kuma da an tsoma ta a sinadarin adanawa launin ya kan koɗe, shi ya sa masana ke ɗaukanta hoto tun tana da rai.

Wajen rubutawa sunan farko da babban harafi, na biyu da ƙarami, misali Pseudobiceros bedfordi. Za ka ga an sa Laidlaw da 1903 cikin baka a gabanshi, ma'ana masani Laidlaw ne ya fara raɗa mata suna a shekarar amma daga baya aka sauya mata sunan farkon.

Ta ƙanina dai hoton baya kaɗai gare shi, gefenta ya yi tattara sosai, na ce je ka nemo na cikin tukuna, in ka ga gaban namiji biyu kuma ba ka gane ta ba rubuta Pseudobiceros sp., wato ba a san sunanta na biyu ba, ka miƙa wa malam.