Yadda Ake Kula da Furen Orkid a Cikin Ɗaki Lokacin Hunturun Turai

Orkid ɗin da ake sayarwa a manyan kantunan Ingila, Jamus da Kanada, mai faffaɗan ganye da farin fure ko ruwan hoda, yawanci nau'in Phalaenopsis ne. Asalinsa dazuzzukan Indunusiya da Filifin da maƙwabtansu, inda ake zafi da laima duk shekara. A can ba a ƙasa yake tsirowa ba, a jikin bishiya yake maƙalewa kamar kauci, sai dai shi ba ya tsotsar komai daga bishiyar. Saiwarsa a fili take, ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar da ita. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci dalilin da ya sa ake dasa shi cikin gutsattsarin ɓawon itace maimakon ƙasa, da kuma dalilin da ya sa yawan ban ruwa ne ya fi kashe shi a lokacin sanyi.

Kada ka ɗaure ban ruwa da wata rana ta mako. Saiwar za ka duba, shi ya sa ake sa shi a tukunyar roba wadda ake hango cikinta. Idan saiwar kore ce shar, ko akwai raɓa a jikin robar, ka ƙyale shi. Idan ta koma ruwan toka mai sheƙi kuma tukunyar ta yi sakayau a hannu, lokaci ya yi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hakan yakan kama kwana 10 zuwa 14, domin idan haske ya ragu shukar ba ta shan ruwa sosai. Ka tsoma tukunyar a kwanon ruwa mai ɗan ɗumi na minti 10 zuwa 15, ka ɗaga ta ta tsane sarai kafin ka mayar da ita mazauninta. Ruwan da ya kwanta a gindin tukunya yakan toshe wa saiwa iska, ta yi laushi, ta yi baƙi, ta ruɓe. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe ganyenta yakan yanƙwane kamar mai jin ƙishi, sai a ƙara mata ruwa, a ƙarasa ta.

Da safe ake ba shi ruwa. Idan ruwa ya shiga tsakiyar kan shukar, inda sabon ganye ke fitowa, ka tsane shi da tishu nan take, don idan ya kwana a wurin cikin sanyi kan yakan ruɓe, kuma daga nan ne kaɗai shukar ke girma. Shawarar da wasu ke bayarwa ta ɗora ƙanƙara a tukunya a madadin ban ruwa ba mu goyi bayanta ba, saiwar ƙasar zafi ce. Inda ruwan famfo ke barin farin dabbare a buta, kamar Landan, ruwan sama ya fi, amma a bar shi ya kwana a ɗaki sanyinsa ya ragu.

Zafin da yake so da rana digiri 20 zuwa 25 ne a ma'aunin Salshiyas, da dare kada ya sauka ƙasa da 15. Matsalar ita ce gidajen Turai galibi a ƙarƙashin taga ake kafa hita. Shukar da ke dakalin taga sai ta sha busasshen zafi daga ƙasa, ta sha sanyin gilashi daga baya. Kada ganye ya taɓa gilashin, kuma da dare kada ka ja labule ka bar ta tsakaninsa da taga. Hita takan busar da iskar ɗaki kamar iskar hunturun Kano, alhali shukar tana son laima kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa a ƙarƙashin tukunya yana ɗan taimakawa, muddin gindinta bai taɓa ruwan ba. Ƙaramar na'urar ƙara laima ta fi shi aiki nesa ba kusa ba.

A tsakiyar Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, don haka tagar kudu da za ta ƙona ganye a Yuli ita ce ta dace yanzu. Ganyen da ya yi kore mai duhu sosai yana nuna haske ya yi kaɗan. Idan taga ba ta isa ba, a rataya fitilar LED ta shuka kimanin santimita 30 a samansa, ta yi awa 12 a kunne. Taki kuwa sau ɗaya a wata ya wadatar, rubu'in ma'aunin da aka rubuta a kwalba, kuma bayan an jiƙa saiwa.

Ɗan sanyin dare na kaka, wajen digiri 16 zuwa 18 na tsawon makonni, shi ke sa karan fure ya ɓullo daga tsakanin ganye. Bakinsa a baje yake, na sabuwar saiwa kuwa zagayayye ne. Idan ya kai santimita 10 zuwa 15 a ɗaure shi a jikin siririyar sanda, ba da ƙarfi ba. Furannin da ba su buɗe ba sukan yi rawaya su kakkaɓe idan iskar ƙofa ta buge su, ko an sauya wa shukar wuri kwatsam, ko an ajiye ta kusa da nunanniyar ayaba ko tuffa, saboda iskar etilin da 'ya'yan itacen ke fitarwa.

Duk mako ka leƙa bayan ganye da gindinsa. Wasu fararen ƙwari masu kama da ɓurɓushin auduga sukan maƙale a wurin. A goge su da auduga da aka jiƙa da sifirit, a maimaita bayan kwana 7 har su ƙare, a kuma ware shukar daga sauran.

Bayan fure ya zube, idan karan ya bushe a yanke shi daga gindi. Idan yana nan kore, a yanke santimita 1 a saman gaɓa ta biyu, wataƙila ya sake reshe. Sauya ɓawon itace, wanda ake yi duk shekara 2, a bari sai Maris ko Afrilu. Amma idan ka ga saiwa na ruɓewa kada ka jira: ka zazzage shukar, ka datse duk saiwar da ta yi laushi da almakashi mai tsabta, ka mayar da ita cikin sabon ɓawo, ka bar ta kwana biyu zuwa uku kafin ta ga ruwa.