Yadda nake haɗa rilay mai kulle da fanel ɗin alam a gidajen ƙauye

Yawancin masu kirana a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura ba ɓarawo ne ya dame su ba. Mai gida yana Kano ko Abuja, iyali suna ƙauye, yana so ya kunna fitilar ƙofar gida da magariba, ya sa famfon burtsatse ya cika tanki, ba sai ya yi ta kiran yara a waya ba. Idan an riga an sa fanel ɗin alam, wato akwatin da ke sarrafa ƙararrawar tsaro, a gidan, rabin aikin ya ƙare, domin fanel yana da batir nasa, yana da madannai, wasu kuma suna da layin waya.

Sauran rabin aikin rilay ne, wato makunnin da ƙaramar wutar fanel ke motsawa ya kunna ko ya kashe babbar wuta. Dalilin da ya sa na fi son rilay mai kulle a kan rilay na gama-gari lissafi ne kawai. Na gama-gari sai an ci gaba da ba koyil ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jan makunnin, wuta yake zama a kunne. Ka ɗauka yana jan miliamfiya 40, a awa 24 ya sha kusan amfiya-awa 1. Guda huɗu sun cinye fiye da rabin batirin 12V 7Ah da ke cikin akwatin fanel, kuma mun san yadda wuta take a nan, in ta tafi sai ta ga dama. Shi kuwa mai kulle kamar sakatar ƙofa yake, ka tura sau ɗaya ka saki, ya zauna a inda ka bar shi. Ɗan bugun wuta da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ya ishe shi, daga nan ba ya shan komai.

Kafin ka je Sabon Gari saye, ka san iri uku ne. Akwai mai juyawa: bugu ɗaya ya kunna, bugu na gaba ya kashe. Akwai mai koyil biyu, ɗaya na kunnawa, ɗaya na kashewa. Akwai kuma mai koyil ɗaya da ake juya masa fositif da negetif. Wannan na ukun ka bar shi a shago, haɗa shi da fanel wahala ce da ba ta da amfani. Ni mai koyil biyu na 12V DC nake saya, zan faɗi dalili a gaba. Ka duba jikinsa da idonka, domin wasu koyil ɗinsu na AC ne, mai shago kuma zai ce maka duk ɗaya ne.

A jikin allon fanel za ka ga tasha mai rubutu PGM. Ita ce ake saitawa ta yi abin da kake so. Abin da yara masu koyo ke yawan mantawa shi ne PGM ba ta ba da fositif, negetif take saukewa. Saboda haka wayar da koyil biyun suka haɗu a kanta tana zuwa AUX+, tashar fositif ta fanel, ƙafar koyil na kunnawa ta tafi PGM ɗaya, ta kashewa ta tafi wata PGM ɗin. Kowane koyil ka gitta masa dayod 1N4007, ɓangaren da ke da zobe ya kalli fositif. Dayod ɗin nan ba ya da tsada ko kaɗan, amma in babu shi, wutar da koyil ke mayarwa idan an yanke masa tana iya ƙona tiransistan PGM, kuma ba kowa ke iya gyara allon ba.

Sai batun ƙarfi. A fanel ɗin kamfanin DSC irin PC1832, PGM1 miliamfiya 50 kawai take ɗauka, PGM2 kuma 300. Manyan rilay masu kulle da ake ɗaurawa a layin bireka suna iya jan fiye da haka a lokacin bugu, ko da yake na ɗan lokaci ne. Ka karanta takardarsa, ko ka gwada da mita a kan batir kafin ka kusanci fanel. In ya wuce ƙarfin PGM, ka sa ƙaramin rilay a tsakani: PGM ta ja ƙaramin, ƙaramin ya ba babban bugu. In tashoshin sun yi kaɗan, akwai allon ƙari, PC5208, mai tasha takwas.

Wajen saiti, kada ka bar PGM a yanayin da za ta zauna a kunne. Koyil ɗin rilay mai kulle ba a yi shi don dogon riƙo ba, zai yi zafi ya ƙone, balle a watan Afrilu da akwatin ƙarfe ke zama kamar tanda tun kafin azahar. Ka mayar da ita mai bugu, ka rage lokacin zuwa daƙiƙa 1. A DSC, danna *71 yana motsa umarni na farko, *72 na biyu, sai ka ba ɗaya kunnawa, ɗaya kashewa. Kada ka taɓa saita abu guda ya bugi koyil biyun a lokaci ɗaya.

Yanzu ga inda aikin yake lalacewa, kuma shi ya sa na guje wa mai juyawa. Fanel bai san halin da rilay yake ciki ba, shi dai ya aika bugu. Idan mai juyawa ne, kuma uwargida ta riga ta danna makunnin bango ta kunna fitila, Alhaji ya aiko umarnin kunnawa daga birni, to kashewa zai yi. Gida ya kwana cikin duhu, shi yana can yana ganin ya kyauta. Haka in bugu ɗaya ya ɓace saboda batir ya yi sanyi, komai ya juya baibai har sai wani ya lura. Da mai koyil biyu, umarnin kunnawa kunnawa ne ko sau goma ka aika.

Duk da haka ina ƙara waya ɗaya ta dawo da labari. Ka sayi rilay mai kwantak biyu, wato mai makunni biyu a cikinsa. Na farko ya ɗauki kaya, na biyu, wanda babu wutar NEPA a kansa sam, ka kai shi wata zon, wato tashar da fanel ke gane buɗewar ƙofa ko taga da ita, wadda ba a amfani da ita, tare da rizisto ɗin ƙarshen layi, 5.6k a DSC. Ka saita zon ɗin ta zama marar ƙara, wadda ba ta tayar da jiniya kuma ba ta hana kulle alam. Daga nan duk wanda ya kalli madannai zai ga fitila a kunne take ko a kashe. In rilay ɗin kwantak ɗaya gare shi, kada ka yi dabarar raba shi. Wutar 230V ta taɓa zon sau ɗaya, fanel ya tafi.

Famfon burtsatse shari'arsa daban. Kada ka ɗora shi kai tsaye a kan rilay ko da an rubuta 16A a jiki, domin injin famfo yana fisgar wuta mai yawa wajen tashi, kwantak ya manne. Rilay ya ja koyil ɗin kontakta, wato babban rilay mai jure wa wuta mai yawa, kontakta ya ɗauki famfo. Sannan ka tuna halin mai kulle: in wuta ta ɗauke yana kunne, yana nan a kunne. Wuta ta dawo ƙarfe biyun dare, famfo ya tashi, ba wanda ya sani, ruwa ya cika tanki ya yi ta zuba a jikin katangar ƙasa har asuba. Saboda haka makunnin tanki mai iyo dole ne, a jere da koyil ɗin kontakta. Wannan halin ne kuma ya sa ba na yarda in haɗa hita ko wani abu mai zafi a irin wannan tsari, ko mai gida ya nace.

Rilay ya zauna kusa da fanel amma a akwatinsa daban, wayoyin 12V da na 230V kowa da bututunsa. In burtsatse tana nesa, wayar kontakta ce za ta yi tafiyar, kada ka ja siririyar wayar alam mita hamsin, wuta za ta rage a hanya, ga tsawa da damina. Ka toshe ramukan akwati, tsaka da kiyashi suna son ɗumin ciki, ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina.

Gwaji nake fara yi da ƙwan fitila ɗaya kafin in haɗa kaya na gaske. Ka kunna, ka kashe, ka aika kunnawa sau biyu a jere ka ga bai juya ba. Ka sauke babban bireka, ka cire batirin fanel, ka mayar, ka tabbata rilay bai motsa da kansa ba lokacin da fanel ke tashi. A ƙarshe ka rubuta da alƙalamin maka a murfin akwati wace lamba ke kunna me, da Hausa, ka nuna wa wanda yake kwana a gidan inda birekan famfo yake, domin ranar da layin waya ya ɗauke shi zai kashe da hannu.