Yadda ake lallaɓa injin mota bayan an yi mata obaholin

Wallahi abin da yake ban takaici a nan wajenmu shi ne mutum ya sai da buhunan riɗi, ya je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo fistin da ring da metal (wato boris ɗin cikin inji), bakanike ya kwana biyu yana haɗa inji, sannan ranar Alhamis ka ga motar an lafta mata awaki da mutum goma an nufi kasuwar Maigatari. Wata biyu sai hayaƙi, a ce aikin ne bai yi ba.

Fara da man juye. Kar ka zuba sintetik a sabon haɗi, santsinsa ya yi yawa, ring ɗin yana buƙatar ya ɗan goga da bangon silinda kafin ya zauna. Ka sa na gargajiya, irin 20W-50 ɗin da tsofaffin motocinmu su Golf da 504 suka saba da shi a wannan zafin namu, in kuma motar ta zamani ce to ka bi kaurin da littafinta ya ce. Kuma don Allah galan mai sil, ban da na durom da ake aunawa a kwalba a bakin titi. Filta sabuwa.

Kafin a tada, a cire fulogi a murza ki har fitilar mai ta mutu, don mai ya zagaya ko'ina. Sai a mai da fulogi a tada. Minti 20 na farko a riƙe totur wajen juyi 2,000 a minti, ana ɗan ɗagawa ana saukewa, kai kuma ka tsuguna kana leƙa ƙasa ko akwai yoyo, idonka na kan allurar zafi da ruwan lagireto.

To ga inda muke saɓawa da wasu kanikawa, su ce a bar ta a silo, wato a kunne ba a taka totur, tun safe har la'asar wai tana wasawa. Malam ba haka ba ne. Ring sai da matsin wuta a bayansa yake mannewa da bango, a silo kuwa matsin ba shi da ƙarfi, sai bangon ya yi sumul kamar gilas, ring bai zauna ba, daga nan mota ta fara shan mai har ranar da za a sake buɗe ta. Ni na taɓa sa yatsa a silindar da aka yi wa haka, ƙyalli take yi, duk zanen nan mai kama da saƙar tabarma ya shafe.

Ka fita da ita titi mara cunkoso, a giya 3 ka taka daga gudun kilomita 40 zuwa 70, ka ɗage ƙafa ta sauko da kanta, ka maimaita kamar sau goma. Kilomita 1,000 na farko kar ka tsaya a gudu ɗaya, kar ka ƙure totur, kar ka sa babbar giya tana tafiyar hawainiya tana kakkarwa. Ban da lodi, ban da shiga yashi.

Juyen farko kar ya wuce kilomita 500, har da filta. Ka tari man a faranti ka fita rana, za ka ga ɗan ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, wannan ba komai, amma in ka ga ɓarɓashi wanda yatsa yake ji, maza ka koma wajen mai gyara kafin ka ƙara ko kilomita ɗaya. Juye na biyu a 1,500. Kullum da safe ka zaro gejin mai ka duba, in kuma lokacin hunturu ne ka riƙa kakkaɓe filtar iska, ƙurar nan tana cin sabon ring kamar sanfefa.